Amsa ga Yarona na Gareji: Ringin Fistin Yana Juyawa Idan Inji Yana Aiki?

Ɗana, jiya da yamma muna haɗa injin Corolla ɗin nan ka yi mini tambayar da ban so in amsa ta a tsaitsaye, hannuwana duk baƙin mai ba, shi ya sa na zauna na rubuta maka. Ka ce: "Maigida, kullum kana hana mu jera bakin ringi a layi ɗaya, sai mun raba su, kowanne da inda yake kallo. To, idan inji ya tashi, a inda muka ajiye su suke zama ko kuwa juyawa suke yi? In juyawa suke yi, mene ne amfanin raba su?" Na ji daɗin tambayar ƙwarai, domin akwai waɗanda suka yi furfura a wannan sana'a ba su taɓa yi wa kansu ita ba.

Suna juyawa. Ka san ringi zoben ƙarfe ne da ke kewaye fistin, wato ƙarfen da ke hawa da sauka cikin silinda, kuma yana da ɗan tsagi a wuri ɗaya, shi ne bakin da muke rabawa. A injin mota, da na babur irin Boxer, da na Keke Napep, da duk injin da baƙin mansa yake zaune daban a ƙasan inji, babu abin da ya riƙe ringi a gurbinsa ta gefe. Gurbin da ke jikin fistin ya hana shi hawa sama ko sauka ƙasa, bangon silinda ya hana shi buɗewa, amma hanyar zagaye a buɗe take, kuma da gangan maƙeran inji suka bar ta haka.

Ni da idona na fara tabbatar da wannan, tun kafin in karanta shi a ko'ina. Wani mai noman rani ya kawo mini injin ban ruwa, na sa masa sabon ringi, na raba bakunan da hannuna kamar yadda maigidana ya koya mini, har na zana inda kowanne yake a bayan kwalin da ringin ya zo a ciki. Bayan 'yan kwanaki gaskit ya yi yoyo, dole na sake buɗe injin, sai na ce bari in zaro fistin ɗin in duba. Ko ɗaya a cikinsu ban same shi inda na bar shi ba. Na farko ya kusa kaiwa ɗaya ɓangaren, na biyu ya matso kusa da shi, alhali injin yana aiki lafiya, ba ya hayaƙi, ba ya shan mai.

Abin da ke tura ringi ya zagaya ba abu ɗaya ba ne. Ka duba cikin silindar da aka dawo da ita daga wurin masu gyaran bulok, wato gangar jikin inji, za ka ga ƙananan zane-zane sun gitta juna a jikin bangon kamar saƙar tabarma. Duwatsun goge silinda ne suke barin wannan zane, yawanci layukan suna haɗuwa a kusurwar da ke kusa da digiri 45, kuma aikinsa na farko shi ne riƙe baƙin mai a jikin bango. Amma tun da layukan a karkace suke, duk lokacin da ringi ya bi ta kansu sai su ɗan ture shi gefe, kamar yadda zaren noti yake jan noti. Idan zanen ya miƙe tsaye da yawa juyawar takan ƙaru, idan ya kwanta da yawa takan ragu. Bayan wannan akwai rangajin fistin. Fistin bai cika silinda dam ba, akwai ɗan sarari tsakaninsu, saboda haka duk lokacin da ya kai ƙololuwar sama ko ƙarshen ƙasa zai juya, yakan jingina daga wannan bango ya koma wancan, kuma wannan ɗan bugu yana girgiza ringin. Ga kuma karkarwar injin kansa, wadda ba ta tsayawa muddin yana aiki.

Sai dai ka fahimci cewa ba kowane lokaci ringi yake da 'yancin motsi ba. Lokacin da wuta ta tashi a kan fistin, iskar da ta ƙone takan bi ta saman ringi na farko ta shiga bayansa, ta danne shi a kan ƙasan gurbi, ta kuma tura shi ya manne da bango. Wannan matsin shi ne ainihin abin da ke toshe hanya, ƙarfin buɗewar ringin taimako kawai yake yi. A wannan lokaci ringi a ɗaure yake. Sai matsin ya sauka, fistin ya canza hanya, ringin ya ɗaga daga ƙasan gurbi zai koma samansa, a wannan ɗan ƙiftawar ido ne yake sake, ya matsa gefe da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Saboda haka kada ka zaci wani gudu yake yi kamar fanka. Kamfanin Kolbenschmidt na Jamus, wanda ya daɗe yana ƙera fistin da ringi, ya ce a littafinsa na makanikai zagaye 5 zuwa 15 a minti ɗaya shi ne gwargwadon abin da ake samu. Ka yi lissafi da kanka. Idan karanshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, yana zagaye 3,000 a minti, ringi kuma yana yin 10, ke nan sai fistin ya hau ya sauka sau 300 kafin ringi ya kewaye shi sau ɗaya, wato digiri ɗaya da ɗan ɗoriya a kowane hawa da sauka. Shi ya sa in ka juya inji da sifana a kan benci ba za ka ga komai ba. Masu bincike na kamfanin General Motors a Amurka sun auna wannan a farkon shekarun 1990, inda suka dasa ɗan ƙwayar sinadari mai fitar da tururin nukiliya a jikin ringi, suka ajiye na'ura a wajen bulok tana bin sawunsa inji yana aiki. Irin wannan awo ya nuna cewa ringi ba sa tafiya tare kamar shanun huɗa. Kowanne da nasa saurin, wani ya tsaya na ɗan lokaci, wani ya koma da baya, kuma sauyin gudu ko nauyin kaya yana sauya halinsu.

Daga nan za ka ga cewa dole wata rana bakunan su haɗu a layi ɗaya, su kuma rabu, kamar yadda hannuwan agogo suke haɗuwa su wuce juna. Idan sun haɗu, shan mai da hucin da ke sauka ƙasan inji sukan ɗan ƙaru na wannan lokaci, amma inji ba ya mutuwa. Dalili shi ne ƙofar da bakin ringi ya bari ƙarama ce ƙwarai. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce milimita 0.1 ga kowane milimita 25 na faɗin silinda, saboda haka silinda mai milimita 80 bakin ringinta na farko bai wuce milimita 0.3 da 'yan kai ba a sanyi, idan ƙarfe ya yi zafi ya kumbura kuma sai ya ƙara tsukewa. Mafi yawan wannan baki ma a ɓoye yake cikin gurbi, abin da ya rage a fili ɗan tsakanin fistin da bango ne kawai, bai fi kafar allura ba.

A nan nake so ka kiyaye harshenka. Sau da yawa za ka ji an buɗe inji mai hayaƙi, an tarar da bakunan ringi a jere, sai a ce makaniken da ya haɗa shi bai iya aiki ba. Wannan zalunci ne ga mutumin da ba ya wurin balle ya kare kansa, kuma jahilci ne ga aikin, domin injin da ya yi wata shida a kan titi ba ya riƙe da shaidar inda aka ajiye ringinsa ranar haɗi. Abin da ya fi wannan muni shi ne mai wannan magana zai raba bakunan, ya rufe inji, ya karɓi kuɗi, mota ta dawo da hayaƙinta bayan mako biyu. Idan ka tarar da bakunan sun taru a wuri ɗaya, musamman a silinda fiye da ɗaya kuma a ɓangare guda, ka auna silindar. Silindar da ta cinye ta zama kamar ƙwai, ko wadda ta murɗe saboda an ɗaure notocin kan inji ba bisa tsari ba, ita ce take kama ringi ta hana shi zagaye, bakinsa ya sami wuri ya zauna. Ka kuma duba konrod, wato sandar da ta haɗa fistin da karanshaf, domin idan ya lanƙwashe fistin a karkace yake tafiya, ringin ba zai kwanta daidai a bango ba.

Ringin da ba ya juyawa shi ne marar lafiya. Zagayen ne yake sa ya ci daidai ta kowane gefe, ya raba zafi, ya hana iska mai ƙuna ta riƙa bin layi ɗaya tana cin bango, ya kuma riƙa share dattin da ke neman taruwa a gurbi. Idan mai mota ya bar baƙin mai ya tsufa ya yi kauri, ko inji ya yi zafi fiye da kima, sai gawayi ya cika gurbi ya liƙe ringin, daga nan ba zagaye, ba buɗewa, sai hayaƙi da raguwar ƙarfi. Ƙurar hunturu kuwa, in matatar iska ta yage, ita ke cinye gefen ringi da gurbin har ya riƙa rawa sama da ƙasa yana tura mai zuwa kan fistin.

To, me ya sa har yanzu nake sa ku raba su? Saboda tashin farko. A wannan lokaci ringi bai kwanta da bango ba tukuna, inji yana da sanyi, bakunan suna a mafi faɗinsu, silinda cike da man da muka shafa, kuma ba na son in ba iska da mai miƙaƙƙiyar hanya a mintocin da sabon ringi yake neman mazauni. Aikin bai kai minti ɗaya ba, littafin kowane inji ya zana yadda yake so a yi, ban ga dalilin barinsa ba. A ringin mai kuwa, wato na ƙasa mai share baƙin mai daga bango, in mai gida uku ne, siraran ringi biyu da waya a tsakaninsu, abin ya wuce al'ada: bakunan siraran biyu dole su kauce wa mahaɗar wayar tsakiya, ita kuma wayar bakinta ya haɗu kai da kai, kada ɗaya ya hau ɗaya, in ba haka ba injin zai sha mai tun ranar farko.

Akwai injin da ringinsa ba ya juyawa, kuma ka san shi: ƙaramin janareton nan da ake zuba wa fetur gauraye da baƙin mai, da injin yankan itace, da tsohuwar Vespa. Silindar irin wannan inji tana da tagogi a jikin bango, ta nan mai yake shiga hayaƙi yake fita. Da ringi zai zagaya har bakinsa ya zo kan taga, sai ya buɗe ya faɗa ciki, ya karye, ya kwarzane silinda. Shi ya sa aka dasa ɗan ƙusa a cikin gurbin fistin, bakin ringi yana zama a kansa. In kana haɗa irin wannan, ka tabbata bakin ya rungumi ƙusar kafin ka tura fistin, kuma kibiyar da ke kan fistin ta kalli inda littafi ya ce, yawanci wajen salansa. Idan ya ƙi shiga kada ka buga, ringin ne ya hau kan ƙusa.

Gobe da safe, kafin ka taɓa fistin ɗin Corolla da suka rage, ka ɗauki kowane ringi ka sa shi shi kaɗai a silindar da zai zauna, ka tura shi ƙasa da kan fistin don ya daidaita, ka auna bakinsa da fila geji, siraran ƙarafan nan na auna sarari, ka rubuta. Ka kankare gurbin da guntun tsohon ringi har gawayin ya fita, ba tare da ka ci ƙarfen ba. Ka sa ringin, gefen da ke da alama yana kallon sama, sa'an nan ka juya shi da yatsa ya kewaye fistin gaba ɗaya. Idan ya tsaya a wani wuri, ka ajiye shi ka kira ni in gani kafin mu ci gaba.