Me ya sa makina ya tsaya a 2,147,483,647?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Akwai wani wasa a wayata da nake tara zinare. Da kuɗin suka kai 2,147,483,647 sai suka ƙi ƙaruwa. Abokina kuma nasa komawa suka yi bashi, da alamar ragewa a gaba. Kutse aka yi mana? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, ba wanda ya taɓa wayarka. Ma'ajin lambar ne ya cika.

Manhajoji da yawa suna adana lamba a gurabe 32, kowane gurbi 0 ne ko 1. Gurbi ɗaya na nuna ko lambar ta haura sifili ko tana ƙasa da shi, saura 31 ke nan. Idan ka ninka 2 da kanta har sau 31, ka cire 1, lambar da ka gani ce za ta fito. Wanda ya rubuta wasanka ya sa birki a nan. Na abokinka babu birki, shi ya sa da aka ƙara 1 ta juye zuwa −2,147,483,648. A ganina wannan sakacin mai manhaja ne.

Amma lambar kanta ta fi wasan daɗin zance. Firam ce, wato babu abin da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta. Masanin lissafi Leonhard Euler ne ya tabbatar da haka a 1772, da lissafin zuci da na takarda, a lokacin ma idanunsa sun kusa mutuwa gaba ɗaya. Dabararsa ita ce bai bi duk lambobi ba: in da tana da mai raba ta, dole a same shi ƙasa da 46,341, kuma ko a cikin waɗannan 'yan kaɗan ne suka cancanci gwaji. Tana cikin dangin da ake kira lambobin Mersenne, masu siffar 2 da aka yi ta ninkawa da kanta sannan a cire 1, kamar 3, 7, 31 da 127. Ita ce firam ta takwas a danginsu. Ba duk mai wannan siffa ce firam ba fa: 2,047 tana da ita, amma 23 sau 89 ce.

Kasancewarta firam ya sa tsofaffin manhajoji ke amfani da ita wajen fitar da lambobin ƙuri'a, wato lambobin da ke fitowa kamar bisa sa'a.

Inda za ta yi ɓarna da gaske shi ne agogo. Tsofaffin na'urori suna ƙirga daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu 1970, kuma ƙirgar za ta kai wannan lambar ta cika ranar 19 ga Janairu 2038, sannan kwanan wata ya koma 1901. Sababbin wayoyi da kwamfutoci galibi sun koma gurabe 64, saboda haka da wuya taka ta kasance cikin haɗari. Zinarenka dai ba zai wuce nan ba, sai masu wasan sun gyara, don haka ka kashe wasu ka ci gaba.