Amsa ga Kawu kan otal ɗin da ba a gina ba tukuna

Kawu, barkanku da war haka. Kun tambaya me yake kai mutanenmu na Bronx zaman majalisar birni a kan otal ɗin da ko tubali ba a aza ba, alhali fili ba namu ba, kuɗi ba namu ba. Ku da kuka yi zamani a ƙungiyar ma'aikatan masaƙa a Kaduna, dole abin ya ɗaure muku kai idan na ce yarjejeniya tsakanin otal da ƙungiyar ƙwadago muke nema tun yanzu, domin can gida ƙungiya mai rajista tana shiga ma'aikata doka ta tilasta wa mai ita amincewa da ita.

Nan Amurka ba haka ba ne. Dokar ƙwadago ta 1935 ta ba ma'aikata 'yancin haɗa kai, amma hanyar da aka saba ita ce a nemi hukumar ƙwadago ta ƙasa, NLRB, ta shirya zaɓe kan ko ma'aikata na son ƙungiya. Kafin ranar ƙuri'a, kamfani na da makonni na ɗauko lauyoyi, manaja ya riƙa jan mutum gefe. Ku duba su wa ke gyaran ɗakuna da wanke-wanke a otal: baƙi ne irinmu, 'yan Ghana, Nijar, Gini, Haiti. Matar da ke aika kuɗin makaranta Agadas ko Kumasi duk wata, da manaja ya ɗaure fuska ta janye, ko da takardunta cikakku ne.

To, tun ran gini tun ran zane. Idan filin na birni ne, ko birni ya zuba kuɗinsa, sai a sa sharaɗi tun a takardar haya: wanda zai riƙe otal ya sa hannu da ƙungiya. Shi ya yi alkawarin kame bakinsa, ya bar wakilai su gana da ma'aikata, kuma sau da yawa ya yarda idan fiye da rabi sun sa hannu a katin neman ƙungiya, wani mai shiga tsakani ya ƙirga, shi ke nan an amince. Ƙungiya kuma ta ajiye yajin aiki da zanga-zanga a ƙofa da kiran ƙaurace wa otal.

Birni ba don tausayinmu yake yi ba. Haya da kaso yake ci, yajin aiki asara ce gare shi. Wannan hujja ce ma ke riƙe abin a kotu: a 1993, a shari'ar aikin tsabtace tashar ruwan Boston, Kotun Ƙoli ta ce hukuma na iya sa irin wannan sharaɗi idan a matsayin mai dukiya take, ba mai kafa wa kowa doka ba. San Francisco ta yi dokarta ta otal a 1998. Yankin Milwaukee kuwa ya faɗaɗa tasa, kotu ta soke ta a 2005.

Masu suka na cewa kati ba sirri, abokin aiki na tsaye a kanka kake sa hannu. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Har gaban Kotun Ƙoli aka kai wani reshen ƙungiyar ma'aikatan otal ta UNITE HERE na Florida a 2013, da zargin cewa shirun kamfani toshiya ce ga ƙungiya, alƙalai suka sallami ƙarar ba hukunci. Amma ni a ganina matsin abokin aiki bai kai na mai biyanka albashi ba, shi ne ke iya rage maka kwanakin aiki.

Na san abin da zai fi ci muku rai shi ne ajiye yajin aiki. Ni ma yana damuna. Kuma yarjejeniyar ba ta ƙara ko sisin kwabo a albashi. Albashi, inshorar asibiti, yawan ɗakunan da mace za ta gyara a yini, har da 'yan mintunan sallar Azahar da namu ke nema, duk sai an zauna wani sabon ciniki bayan an buɗe otal.

A gaida Inna da yara.