Mahaifiyarmu na riƙon marayu huɗu ga hawan jini, yaya za mu yi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Yayanmu ya rasu shekara biyu ke nan, matarsa ta yi aure, mahaifiyarmu ta ɗauki 'ya'yansa huɗu. Shekarunta sun doshi 70, tana da hawan jini da ciwon gwiwa. Babban yaron shekararsa 12, autar ba ta cika huɗu ba. Kwanan nan Inna ta rame, ba ta samun barci, kuma da mun ce a raba yaran a tsakaninmu sai ta fashe da kuka. Mene ne mafita? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan yayanku, ya raya abin da ya bari, ya saka wa Inna da alheri.

'Yar'uwa, shawarata ita ce kada ku raba ta da yaran. Kukan da take yi ba taurin kai ba ne. Uwar da ta binne ɗanta, fuskarsa take gani a fuskokin jikokin nan, ɗauke su da ƙarfi kamar sabunta mata mutuwar ne. Su ma yaran sun rasa uba, uwa ta tafi gidan wani, a sake watsa su gida-gida ba ƙaramin rauni ba ne. Abin da za ku sauke mata shi ne wahalar. A bar mata tarbiyya da kwana da su da tatsuniyar dare, ku ku ɗauki wanki da ɗiban ruwa da kuɗin makaranta.

Amma a fara da asibiti, cikin makon nan. Ramar tsoho da rashin barci ba a cewa "tsufa ne" a wuce. A auna jininta. Idan ya kai 140 bisa 90 ko ya haura, maganin bai riƙe shi ba, ko kuma ba ta shan sa. Ki tambaye ta a hankali, ki kuma duba ledar maganin da idonki. Sau da yawa a ɗakin duba marasa lafiya sai kaka ta sunkuyar da kai ta ce mini maganin ya ƙare tun watan jiya, kuɗin ta sayi takalmin makaranta da shi. Maganin hawan jini kullum ake sha, ko da mutum yana jin garau. A gwada sukari, a duba yawan jini da ƙoda, a duba idanu saboda yanar ido. Idan akwai tari na sama da mako biyu, a yi gwajin tarin fuka. Kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma yaran na kwana ɗaki ɗaya da ita.

Batun gwiwa yana da tarko. Ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda ake saya a kemis ba tare da takardar likita ba, suna ɗaga jini, suna ɓata ƙoda, suna jawo gyambon ciki. Paracetamol ya fi mata sauƙi. Goyon yarinya mai shekara uku da tsugunno gaban murhu ba na gwiwarta ba ne yanzu. Kujera 'yar tsugunno mai ɗan tsayi da murhun da ba ya hayaƙi za su yi mata amfani fiye da allura. Magungunanta kuma a ɗaga su sama a kulle, domin ƙwayar hawan jini ko ta sukari guda ɗaya tana iya kwantar da ƙaramin yaro.

Ki lura da kwanonta. Kaka takan tsame naman miya ta miƙa wa jikoki, ita ta side tuwo da romo, ta ce ta ƙoshi. A ware mata nata: wake, ƙwai, nono, kifi, zogale. A rage gishiri da dunƙule. Gishirin yini gaba ɗaya kada ya wuce giram 5, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya.

Sai abin da ba a cika faɗa ba. Mutum yana iya yin tawakkali kuma baƙin ciki ya zame masa ciwo. Idan Inna ta daina zuwa suna da biki, ta daina hira, abinci ya fita ranta, ki gaya wa likita. Ciwon damuwa yana da magani, kuma ba raunin imani ba ne.

Ku zauna, ku da 'yan'uwanki maza da dangin uwar yaran, a rubuta wanda zai ɗauki me. "Za mu riƙa taimakawa" ba ta sayen magani. Wane kuɗin makaranta, wance cefanen wata, wane kai Inna asibiti duk wata, wance ta kwashi yaran ranar Asabar da Lahadi don ta samu ta miƙe ƙafa. Aure bai cire uwarsu daga uwa ba, a buɗe mata ƙofa ta zo ta gan su. Idan marigayin ya bar gado, a killace rabon marayun da shaidu, a yi musu hidima daga ciki bisa shari'a. Kada kuma a mayar da ɗan shekara 12 uban gida har ya bar karatu.

Ku nemi a yi wa Inna rajistar inshorar lafiya. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta sanya tsofaffi da yara 'yan ƙasa da shekara biyar cikin masu rauni da aka tanadar wa tallafi. Ku tambaya a asibitin sha-ka-tafi na unguwarku. A karɓar wa yaran takardar haihuwa, a duba katin rigakafin autar.

Ki koya wa babban yaron lambar wayarki da ka. Idan ya ga bakin kakarsa ya karkace, ko maganarta ta sarƙe, ko hannu ɗaya ya saki, ya kira nan take, a tafi asibiti ba tare da jiran gari ya waye ba.