Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan "maganar" ƙwayoyin daji

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya sa kaffara ne. Kin tambaya ko gaskiya ne ƙwayoyin ciwon daji suna magana da junansu. Kin kuma ce kin kasa gane dalilin da likita ya ƙi rubuta mata magani sai an gwada tsokar da aka ɗebo daga nononta, alhali maƙwabciyarku a Agege ƙwaya ɗaya take sha kullum kuma tana samun sauƙi. Na daɗe ina aikin jinya a sashen masu daji a nan Legas, kuma tambayoyin nan biyu amsarsu ɗaya ce.

Suna magana, amma da sinadarai. Kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana da wasu 'yan kunnuwa, wasu a fatarta wasu a cikinta, da su take karɓar umarni: ki hayayyafa, ki dakata, ko lokacinki ya yi ki mutu. Ƙwayar daji ta toshe kunnenta ga "dakata", ta buɗe shi ga "hayayyafa". To amma ba kowane dajin nono ne ke sauraron murya iri ɗaya ba. Mafi yawa sinadarin mata na istirojin suke saurara, su ne ake ba tamoxifen na shekara 5 ko fiye, don ya tare musu wannan kunnen. Ina kyautata zaton shi maƙwabciyarku take sha. Kusan ɗaya cikin biyar kuma kunnen da ake kira HER2 ne ya yi musu yawa fiye da ƙima, maganinsu trastuzumab, wanda aka amince da shi a Amurka a 1998. Akwai na uku da ba su da ko ɗaya daga ciki, kuma irin wannan ya fi yawa a matan Afirka ta Yamma fiye da Turawa. Su galibi sai kemo, wato magani mai ƙarfi da ke kashe ƙwayoyin da ke saurin hayayyafa. Idan dajin Hajiya na ukun ne, ko shekara goma ta yi tana shan ƙwayar maƙwabciya ba abin da za ta yi masa, sai ɓata lokacin da shi ne ya fi komai tsada. Wannan ne ke ci mini rai, domin na sha ganin mata suna ba juna ragowar magani da kyakkyawar niyya.

Ba saurare kaɗai suke yi ba, suna kuma aikawa. Ƙari ba ya wuce girman milimita 1 zuwa 2 idan babu jijiyar jini da ke ciyar da shi, don haka sai ya saki wani sinadari mai suna VEGF, jijiyoyin kusa su yi tsiro su zo gare shi. Wani likitan tiyata a Amurka, Judah Folkman, ya kawo wannan tunani a 1971, kuma a 2004 aka samu Avastin mai tare saƙon. Yana taimakawa a dajin hanji da wasu, amma a dajin nono bai cika burin da aka ɗora masa ba, har hukumar magunguna ta Amurka ta janye amincewarta a 2011. Idan aka toshe wa ƙwayoyin nan hanya ɗaya, sukan nemo wata. Shi ya sa likitoci suke haɗa magani biyu ko uku.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne saƙon nesa. Tun 1889 wani likita a Ingila, Stephen Paget, ya bi bayanan mata 735 da dajin nono ya kashe, ya ga ciwon ba ya sauka ko'ina haka kawai, yana da wuraren da ya fi so. Ya ce iri ba ya tsirowa sai a ƙasar da ta karɓe shi. Yanzu an gano ƙari yana zuba wasu mitsitsin ƙunshi cikin jini, masu ɗauke da furotin da bayanan gado, su riga shi isa huhu ko hanta su gyara masa wurin sauka. Wannan ilimi har yanzu mafi yawansa yana ɗakin bincike, kada wani ya sayar miki da kwalba da sunansa. A ƙashi kuwa an riga an ci moriyar fahimtar: daji yana zuga ƙwayoyin da ke cin tsohon ƙashi su wuce gona da iri, ana kuma kwantar da su da ƙarin ruwa na zoledronic. Don haka in Hajiya ta fara kukan ciwon baya da ba ya sauka ko da dare, a gaya wa likita, kada a ce tsufa ne.

Ƙwayoyin daji suna ma yaudarar sojojin jiki, su nuna musu wata alama mai cewa "ni taku ce". Gano yadda ake warware wannan ne ya ba James Allison da Tasuku Honjo kyautar Nobel a 2018. Magungunan suna da tsadar gaske, kuma ba kowa suke yi wa aiki ba.

Na san za ki ji daga dangi cewa daji ba ya son ƙarfe, wai allurar gwaji ce ke fusata shi ya bazu. Abin da idona ya gani daban ne. Matan da suka fi shan wuya su ne waɗanda suka yi watanni ana shafa musu turare da garin sassaƙe, suka zo nono ya fashe, an naɗe shi da tsohon ɗankwali, hammata ta cika da kaluluwa. Ƙwayoyin sun daɗe suna aika saƙonsu tun kafin allura ta taɓa su.

Ki je ki karɓi sakamakon da kanki, ki duba layuka uku: ER (kunnen istirojin), PR (kunnen wani sinadarin mata, furojestaron) da HER2. Idan ba a yi su ba, ki nemi a ba ki tsokar. Za ki ga an daskarar da ita cikin kaki irin na kyandir a wani ɗan akwatin roba da bai kai kwalin ashana girma ba, da lambar Hajiya a jiki, kuma ana iya kai ta wani ɗakin gwajin ba sai an sake yanka ta ba. In HER2 ya fito, za a duba lafiyar zuciyarta kafin a fara trastuzumab, yawanci duk mako 3 har kimanin shekara guda. Kuɗin yana da nauyi, don haka tun yanzu ki tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin ko akwai tallafi, ki kuma zauna da yayyenki maza a yi lissafi kafin a ɗaura ruwan farko, don kada a fara a tsaya a tsakiya.