Bitar malamai ce ko shirin cin jarrabawa?

Tambaya: Ni malamar lissafi ce, shekarata biyu da fara koyarwa. Duk bitar da aka kira mu a bana magana ɗaya ce: yadda za a ɗaga makin ɗalibai a jarrabawar bai-ɗaya. Ana ba mu tsoffin tambayoyi mu yi ta maimaita wa yara. Shin wannan shi ne horar da malami?

Amsa: Malama, damuwarki tana kan hanya. Abin da ake ba ku shiri ne na cin jarrabawa. Yana da ranarsa, domin bai kamata yaro ya shiga ɗakin jarrabawa bai san fasalin tambayoyin ba. Amma horar da malami ya wuce nan nesa.

Ita jarrabawar ba na ƙin ta. Tana nuna ajin da aka bari a baya, wanda da ba don ita ba sai a yi ta rufa-rufa. Matsala tana farawa ne ranar da aka ɗaure aikin malami da mutuncin makaranta a jikin maki. Amurka ta gwada. A 2002 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwada yara a karatu da lissafi kowace shekara daga aji 3 zuwa 8, makarantar da ta gaza kuma ta fuskanci hukunci. Makarantu da yawa suka rage lokacin darussan da ba a gwadawa. A birnin Atlanta abin ya kai ga goge amsoshin yara ana gyarawa, har kotu ta sami malamai da jami'ai 11 da laifi a 2015. A shekarar ce aka sauya dokar.

Bari in nuna miki inda horo yake. Na taɓa duba takardun wani aji, na ga yara da dama sun rubuta 1/2 + 1/3 = 2/5. Sun haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Takardar sakamako cewa kawai za ta yi sun faɗi. Da na ba wata yarinya takarda ta ninke gida biyu, ta ga da idonta rabi ma kaɗai ya fi 2/5 girma, sai ta yi shiru, ta ɗauki abin gogewa. Gane dalilin kuskuren yaro da sanin abin da za ki sa a hannunsa, wannan ne ya kamata bita ta koya miki, kuma zaman yini ɗaya a zaure ba ya koyar da shi.

Malaman Japan sun daɗe da wata hanya da nake matuƙar so. Su tsara darasi ɗaya tare, ɗayansu ya koyar, sauran su tsaya a gefe suna lura da yara, me suka rubuta, ina suka rikice. Bayan an tashi su zauna su gyara darasin.

Kada ki ƙaurace wa bitar da ake kiranku. Ki karɓi tsoffin tambayoyin nan, ki ba ajinki, ki ware amsoshin da suka kuskure. Ki nemi abokan aiki biyu ku duba su tare, sannan ku roƙi shugaban makaranta ya ba ku sa'a ɗaya a mako, kowa ya shiga ajin ɗan'uwansa ya zauna a baya da littafinsa.