Hukuncin ziyartar kufan mabiya Buddha a kwarin Swat

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Islamabad, babban birnin Pakistan. Sashenmu ya shirya mana tafiyar kwana biyu zuwa kwarin Swat don mu ga tsofaffin gine-ginen mabiya Buddha da gumakan da aka sassaƙa a jikin duwatsu. Wasu abokaina sun ce haramun ne, hukuncin wurin ɗaya da gidajen Samudawa. Ya halatta in je? Idan lokacin salla ya same ni a can, yaya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi wa karatunka albarka. Ya halatta ka je don ilmi da ɗaukar izina, matuƙar ka tsare kanka daga duk abin da ke da kamannin bauta ko girmamawa. Asalin tafiye-tafiye halacci ne, Allah kuma ya ce a Suratur Rum, aya ta 42: "Ka ce, ku yi tafiya a bayan ƙasa ku duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance, mafi yawansu sun kasance masu shirka." Ayar da kanta ta ambaci shirkar mutanen, duk da haka ta ce a je a duba.

Hujjar abokanka hadisin Ibn Umar ne da Buhari da Muslim suka ruwaito. A hanyar Tabuka, shekara ta 9 bayan hijira, Annabi (SAW) ya bi ta Hijr, inda gidajen Samudawa suke, ya ce kada a shiga wa waɗannan da aka azabtar sai ana kuka. Ya sa aka zubar da ruwan da aka ɗebo daga rijiyoyinsu, ƙullun da aka kwaɓa da shi aka ba raƙuma. Hadisin ingantacce ne, sai dai dalilin hanin a cikinsa yake: wuri ne da nassi ya tabbatar azaba ta sauka. Babu nassi irin wannan a kan Swat. Yau garin Musulmi ne, galibinsu 'yan ƙabilar Fashtun, masallatai ko'ina, manoma na shuka a gefen kufan. Ko a Hijr ɗin ma hanin yana da togaciya, wato shiga da tsoron Allah. Hadisin "ba a ɗaura sirdi sai zuwa masallatai uku" kuwa yana magana ne a kan tafiyar neman lada da albarkar wuri, kai ba ita ta kai ka ba. Akwai malaman da suka hana zuwa inda gumaka suke baki ɗaya, suna kafa hujja da maganar Sayyidina Umar cewa ba ma shiga coci-cocinku saboda siffofin da ke ciki. Wanda ya ɗauki wannan ya zauna gida, ba a zarginsa. Abin da na rinjayar shi ne bambanta wurin da ake raya bauta da kufan da ya koma hannun hukumar adana kayan tarihi.

Inda nake so ka buɗe ido sosai shi ne ginin da ake kira stupa. Tulluwa ce mai kama da ƙwarya a kife, cikinta toshe, ba a shiga. An gina ire-irenta ne don a adana toka ko ɓurɓushin ƙashin Buddha da manyan mabiyansa. Bautar da ake yi mata ita ce kewayawa, mutum ya sa ginin a damansa ya yi ta zagaye, kishiyar ɗawafinmu da muke sa Ka'aba a hagu. A stupar Butkara da ke kusa da Mingora, gari mafi girma a Swat, wadda asalinta ya kai ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), hanyar kewayawar na nan a shimfiɗe gindin ginin, ƙafa na bin ta tun mutum bai ankara ba. Idan ka zagaya don ka ga bayan ginin ko ka duba yadda aka jera duwatsun, ba ka yi ɗawafi ba, ayyuka da niyya suke. Amma idan ɗan jagora ya ce ku zagaya ta dama, ko ku cika adadi kaza don sa'a ko don "girmama al'adar wurin", ka ja gefe ka tsaya. Haka in ka tarar da baƙi daga Tailan ko Koriya suna ibadarsu, kada ka shiga sahunsu ko da don hoto ne. Haɗa tafin hannu a ƙirji, sunkuyawa, ajiye fure, kunna turare ko kyandir, shafa dutsen don tabarruki, duk haramun ne, wanda kuma ya yi su da nufin bauta ya yi shirka. Idan tafiyar ta faɗo ranar bikinsu, ka nemi a ɗaga ko ka haƙura da ita.

Salla kuma, daga Islamabad zuwa Mingora ya haura kilomita 200, ya wuce mil 48 da malamanmu na Malikiyya suka gindaya, tun da kuma ba ka yi niyyar zaman kwana huɗu ba, kasaru za ka yi. Ka lura, alƙibla a can yamma take, a ɗan karkace kudu, ba gabas da bakinmu ya saba faɗa ba. Kada ka yi salla a harabar stupa ko ka sa ta a gabanka, domin an hana salla ana fuskantar kabari, Risala kuma ta lissafa maƙabartar mushirikai da wuraren bautarsu cikin inda aka hana salla. Ka sauko masallacin ƙauye mafi kusa. In lokaci zai fita, ka matsa fili mai tsarki inda ba gunki a gabanka. Idan hanyarku ta bi ta Udegram, akwai kufan masallacin zamanin Gaznawiyawa, sarakunan Musulmi na birnin Gazna da ke Afganistan, wanda aka samu rubutu a wurin mai ɗauke da shekara ta 440 bayan hijira. Ka roƙi malamanku su sa shi cikin jerin wuraren.

Kuɗin tikiti a ƙofar kufai ko gidan tarihi na Saidu Sharif ladan shiga ne da ke zuwa wa hukuma, babu laifi. Sayen ɗan gunki don tsaraba kuwa haramun ne, saboda hadisin Jabir cewa Allah da Manzonsa sun haramta cinikin giya da mushe da alade da gumaka. Masu tallar kan ce sun tono shi ne a gona. In gaskiya suka faɗa, dokar Pakistan ta hana fita da kayan tarihi, za ka jefa kanka hannun 'yan sanda. In ƙarya ce, an cuce ka. Hoton gini don karatu ya halatta. Na gunki a taƙaita ga buƙatar darasi, kada ka zauna ka harɗe ƙafa kana kwaikwayonsa, kada kuma a rataya shi a ɗaki.

Kada kishin addini ya sa ka kankare ko ka fasa wani abu. Annabi (SAW) ya yi umara a shekara ta 7 gumaka na kewaye da Ka'aba, bai taɓa su ba sai a shekara ta 8 da iko ya dawo hannunsa. Wannan sha'anin hukuma ne, kai kuwa baƙo ne da ya shiga ƙasa da amana. Gunkin Buddha na Jahanabad a Swat da aka sassaƙa a jikin dutse, wanda 'yan Taliban suka lalata fuskarsa a 2007, masana daga Italiya sun gama gyara shi a 2016. Zagi ma aya ta 108 a Suratul An'am ta hana, don kada a rama da zagin Allah.

Idan ka tsaya a wurin, ka tuna wani matafiyi ɗan Sin, Xuanzang, ya ratsa kwarin wajen shekara ta 630, Annabi (SAW) yana raye a Madina, ya rubuta cewa a da akwai gidajen ibada 1,400 a bakin kogin, amma ya tarar mafi yawansu sun zama kango. Ka sabunta kalmar shahada a zuciyarka. Idan kuwa ka san kana fama da shubuha a aƙida, ko kyan sassaƙar na sa ka jin girman abin a ranka, to kai kam kada ka je.

Wallahu a'alam.