Amsa ga mai shirin hawa Chappal Waddi: katifar iska ko ta soso?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce za ku hau dutsen Chappal Waddi a watan Disamba, kana neman shimfiɗa mara nauyi da za ta tare maka sanyi. Bari in faɗi abin da na gani da haƙarƙarina.

Dutsen nan tsayinsa mita 2,419 ne, babu wanda ya kai shi a Najeriya, kuma sanyin asubahinsa da hunturu ba wasa ba. Zuwana na farko duk kuɗina na zuba su a jakar barci mai kauri, wato irin wadda ake shiga cikinta a kwana, na shimfiɗa 'yar tabarmar roba a ƙasa. Wajen ƙarfe uku na dare samana ɗumi, ƙasana ƙanƙara. Dalili kuwa, ɓangaren jakar da ka danne ya lafe, ba iska a cikinsa, ƙasa sai ta yi ta zuƙe zafin jikinka.

To kada kauri ya ruɗe ka, lambar R za ka duba. Ita ke nuna ƙarfin shimfiɗa wajen hana ɗumi tserewa, kuma tun 2020 manyan kamfanoni ke auna ta da ma'auni ɗaya. R 2 ta isa kwanan daji lokacin zafi. Saman dutse da hunturu, ni ba na sauka ƙasa da 3 zuwa 4. Katifar da ba a rubuta mata R ba, ko ta kai kaurin ta ɗakin amarya, ajiye ta.

Ta iska ta fi daɗin kwanciya. Misali, samfurin Therm-a-Rest NeoAir XLite NXT R ɗinta 4.5, nauyinta wajen giram 370, in ka naɗe ta kamar gorar ruwa. Sai dai tsada, ga shi dajinmu ba ya raga mata. Wata mai arha da na saya, ƙaya ɗaya ta shiga ta ƙasan tanti, kafin asuba ina kan tsakuwa. Da safe na durƙusa bakin rafi ina danna ta cikin ruwa ina neman inda kumfa ke fita, yatsuna sun ƙage, abokan tafiya na ta yi mini dariya.

Tun ranar ba na rabuwa da ta soso, irin mai naɗewa kamar takarda. Samfurin Z Lite Sol R ɗinta 2 ne, giram 410, ba ta san huda ba, a bayan jaka ake ɗaure ta. Kuma lambobin R haɗuwa suke: soso mai 2 a ƙasa, ta iska mai 2 a sama, ka samu 4, ga kariya daga ƙaya. In rana ta yi, a kan ta soso nake salla, a kanta nake zaman shan shayi.

In kai mai kwanciyar gefe ne ko mai yawan juyi, faɗin santimita 51 zai matse ka, nemi mai 64. Katifar iska kuwa, kada ka hura ta da baki kullum, danshin numfashi na taruwa a ciki, yi amfani da buhun hurawa, wato ɗan buhun da ake tara iska a ciki a matse ta cikin katifa. In ka tarar ta ɗan saki da dare, wataƙila sanyi ne ya tsuke iskar, ƙara mata kaɗan kafin ka zargi huda. Kayan faci kuwa sa su a aljihun jaka tun yau, kuma ka kwana a kanta dare ɗaya a tsakar gida kafin ku kama hanyar Mambila zuwa dutsen.